Yadda Na Yi Takaba a Gaban Kwamfuta

Mijina ya rasu da farkon damina, a shekarun da aka fara shari'a a jiharmu. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin mu gama shawarar kai shi Kano rai ya yi halinsa. Ya bar ni da yara biyu, mace da ta shiga firamare da namiji da bai daɗe da yaye ba. Muna zaune a Dutse, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da falo da muka gina a bayan gari. Ni na zana gidan da hannuna, don zanen gini shi ne sana'ata.

Na fara aikin tun ana kiran Dutse sabuwar hedikwata, lokacin da duk inda ka waiwaya tifa ce ke juye yashi. Wani Alhaji ɗan kwangila ya ɗauke ni a ƙaramin kamfaninsa, ina zane da fensir a kan babban allo. Da aka kawo kwamfuta ofis, mazan wurin suka yi ta zagaye ta kamar za ta cije su. Ni kuwa na ja kujera na zauna na koya, har ya zama duk zanen da zai fita daga kamfanin sai ya bi ta hannuna. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Albashin ba abin a zo a gani ba ne, amma yana riƙe gida.

Bayan addu'ar bakwai, yayan mijina ya tara mu a falo. Manomi ne mai 'yan shanu a wani ƙauye kusa da Taura, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma sauya magana. Ya ce idan na fita takaba za a duba zancen yara. In ina da abin riƙe su, su zauna a makarantarsu. In babu, gidan ubansu yana nan, rumbu bai bushe ba. Ya faɗi haka cikin taushi, har da sa mini albarka. Ni dai na ji shi sarai: in aikina ya tafi, 'ya'yana sun tafi. Ya koma ƙauye, ya bar mini mahaifiyarsu, wadda muke kira Inna, ta taya ni zama.

Ba a daɗe ba Alhaji ya aiko da nasa saƙon ta bakin gwaggona. Ya samu aikin zanen wani ɗan asibiti da gidajen ma'aikatansa a wata ƙaramar hukuma, kuma dole ya miƙa kafin ruwa ya ɗauke. Ya ce shi ba zai kore ni ba, Allah ya sawwaƙe, amma aikin ba zai jira wata huɗu ba. Na sa aka tambayar mini malamin unguwarmu, ya ce mai takaba tana iya fita da rana don larura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Da na kai wa Inna wannan magana, ko kallona ba ta yi ba.

"Wannan a littafi ne," in ji ta. "A gidanmu ba a taɓa yi ba, kuma ba a kan ɗana za a fara ba."

Na roƙi Alhaji ya ba ni aron kwamfutar ofis in kawo gida. Ya ƙi. Duk zanen kamfanin a cikinta yake, babbar na'urar buga zane a jikinta take, sauran ma'aikata ma suna duba abubuwa a ciki. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a gidanmu da marigayi ya saya a gwanjo, amma ba ta da ƙarfin ɗaukar manhajar zanen. Na kwana biyu ina jin haushin kowa, har da shi marigayin da ya tafi ya bar ni da wannan.

Wanda ya kawo mafita abokin mijina ne, mutumin Ringim, mai shagon gyaran kwamfuta a cikin gari. Malam kawai muke ce masa. Ya zo gaisuwa ya ji halin da ake ciki, sai ya ce akwai dabara. Tunda gidanmu da layin tarho, ofis ma da layi biyu, za a iya sa kwamfutar gida ta buga wa ta ofis waya. In ta ɗauka, zan ga allon ofis a gabana, in motsa linzamin kwamfuta daga ɗakina kibiya ta motsa a can. Aikin duk ta ofis ce za ta yi, ta gida leƙe kawai take. Alhaji bai gane ba, amma da ya ji ba sai ya sayi komai ba sai 'yan akwatuna biyu da ake kira modem, ya ce a gwada.

Matsalar farko ba ta na'ura ba ce. Malam namiji ne, ba muharramina ba, ga shi bai daɗe da rabuwa da matarsa ba. Shiga gidan ma bai taso ba. Inna ta riga ta shimfiɗa dokokinta: zane ɗaya marar ado, ba kwalli, ba turare, ba ɗaga murya, madubi kuwa ta juya fuskarsa bango. Kwamfutar ma in an kashe ta sai ta lulluɓe ta da zane, don ta lura baƙin allon yana nuna fuskar mutum. Bayan dogon ciniki aka tsaya a kan cewa Malam zai tsaya a lungu, bayan tagar ɗakina, labule a sake. Ni zan faɗa wa Inna abin da na gani a allo, ita ta faɗa masa.

Allah ya jiƙan Inna, ta yi ƙoƙari. Amma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, a ce ta ɗauki Turancin kwamfuta daga bakina ta kai taga, kafin ya isa ya zama wani abu dabam. Yini ɗaya ta yi ta gaji. Ta ce kanta ciwo yake, in yi maganar da kaina amma ƙasa-ƙasa, ita za ta zauna a falo ƙofa a buɗe. Haka aka yi. Ni a kan tabarma gaban kwamfuta, shi a tsugunne a lungu yana kara kunne jikin ragar taga don ya ji ni.

Kwanakin farko duk shirme muka yi ta yi. Modem ɗin yana da rami biyu a baya, ɗaya na layi ɗaya na tarho, na sa waya a wanda ba shi ba, muka yini muna neman dalilin da ya sa ba ya jin layi. Da muka gyara wannan, kwamfutata ta buga, sai na'urar fakis ta ofis, mai aika takarda ta waya, ta riga ta ɗauka, don layinta aka ba mu aro. Malam ya hau babur ya je ya cire ta. Kashegari na buga, ba a ɗauka ba. Ashe masinjanmu, dattijon da wuta ta taɓa ƙone masa rediyo, duk abin da ya gani a kunne ba kowa a gabansa sai ya kashe, ya zare filogi, ya naɗe waya. Sai da Alhaji da kansa ya yi masa magana, shi ma da ƙyar ya yarda, yana ta mitar cewa in gobara ta tashi kada a kira sunansa. Sannan ga wutar lantarki, wadda in tana ofis ba ta gida. Ofis suna da janareto, ni ma marigayi ya bar mana ƙarami, 'yata ta koyi jan igiyarsa tare da ni.

Ranar da abin ya fara yi ba zan manta ba. Modem ya yi kukansa, ya yi tsuwa, ya yi shiru. Aka nemi kalmar sirri na sa. Sai allon ofis ya fara saukowa daga sama, layi-layi, a hankali, har na ga aikina a inda na bar shi ranar da aka kira ni aka ce jikin mijina ya tsananta. Na fashe da kuka. Malam daga lungu ya ji shiru ya yi yawa, ya ce, "Hajiya, ya ƙi ne?" Na ce a'a, ya yi.

Ya koya mini yadda zan rage wa layin nauyi. Muka cire hoton bayan allo, muka rage launuka har zanen ya koma kusan baƙi da fari, muka ƙanƙanta allon. Duk da haka in na ja layi sai na jira kafin ya bayyana. Na koyi aiki da lambobi maimakon ido: in rubuta tsawon bango, in danna, in yi haƙuri. Na ga in dai layin zai riƙe daga hantsi zuwa la'asar kullum, zan gama kafin lokaci. A ranar na ci abinci har na ƙoshi, abin da ban yi ba tun rasuwar.

Sai dai layin bai riƙe ba. Wani lokaci in fara aiki kenan ya yanke, wani lokaci sai na yi nisa. Allon ya daskare, kibiya ta tsaya, 'yar fitilar modem ta mutu. In sake bugawa, wata rana ta ofis ta ɗauka, wata rana tana nan tana zaton har yanzu muna tare, layi ya yi ta nuna a kame yake har sai wani ya je ya kashe ta ya kunna. Abin da ban adana ba kuma sau da yawa ya tafi. Na zana ɗakin haihuwar asibitin nan har na haddace shi, in an tashe ni daga barci zan iya faɗin faɗin ƙofarsa.

Malam ya ɗauki abin da zafi, don yana ganin amanar abokinsa ce. Da farko ya ce damina ce, ruwa na shiga akwatin haɗin waya a jikin falwaya. Ya nemo ma'aikacin waya ya hau ya sake ɗaurin, ya naɗe shi da roba. Layi ya yanke. Ya ce ko modem ɗina ne, ya kawo nasa na shago. Ya yanke. Ya rage gudun haɗin har ƙasa, don an ce layi mai hayaniya ya fi riƙe gudu kaɗan. Ya yanke. Ya je ofis ya zauna gadin layin da kansa ya tabbatar ba wanda ya taɓa. Ya yanke yana zaune a wurin. Daga ƙarshe ya buga wa kwamfutar ofis daga shagonsa, ya bar su a haɗe yini guda, ko gezau.

"Hajiya, ciwon nan a gidanki yake," ya ce mini ta taga. "Akwai wani tarho a kan layin?"

Na ce akwai na falo, amma ba mai taɓa shi. Yara ba sa kai wa inda yake, Inna kuwa tsoronsa take ji, ko ƙara ya yi sai dai ta kira ni. Gaskiya na faɗa, iyakar sanina. Ya ce to ko ɓera ya ci wayar a cikin silin, ko wani haɗi ya yi tsatsa. Da zai samu ya shiga ya bi ta da ido, kafin a yi sallar azahar ya gano. Na kai wa Inna roƙon: zan shiga ɗakin yara in rufe ƙofa, ita ta tsaya a kansa. Ta ce namijin da zai taka gidan nan kafin in fita takaba, sai dai ɗan'uwan marigayi. Na aika wa Yaya, ya ce abin da Inna ta ce shi ne.

Don haka Malam ya ci gaba da zuwa lungu. Duk ranar da layi ya yanke sai ya zo, layi kuwa kullum sai ya yanke. Ni hankalina yana kan bangon asibiti, ban tsaya na yi tunanin yadda abin yake a idon mai wucewa ba. Namiji marar mata, tsugunne a bayan tagar mai takaba, yana raɗa, ana mayar masa da raɗa. A shekarun nan kuwa kowa ya zama mai gadin ɗan'uwansa. Mace ta hau babur bayan ɗan acaɓa ma sai an yi magana, balle wannan. Ban ƙi shari'a ba, ni ma na yi murna da aka ce za a yi. Abin da na ƙi shi ne yadda mutanen da ba su taɓa tambayar ko yarana sun ci abinci ba suka san ranakun da babur ɗin Malam ke tsayawa a lungunmu.

Matan da ke zuwa gaisuwa suka fara zama su daɗe da Inna a tsakar gida, in na fito su yi shiru. Gwaggona ce ta fasa mini ƙwan. Ta ce ana cewa mutumin Ringim ya kafa kujera tun ƙasar kabarin abokinsa ba ta bushe ba, wai har wayar da ake yini a kai da shi ake yi. Na ji kamar in kurma ihu, amma mai takaba ba ta ɗaga murya, sai na shiga banɗaki na yi kukana a can.

Wata rana bayan la'asar wasu dattawan unguwa da matasa biyu masu sa kai suka tare Malam a bakin lungu. Ba su zage shi ba. Sun ce masa dai neman mace tana cikin idda haramun ne, kuma ko ba nema yake ba, ya guji wurin zargi. Na ji komai ta taga. Ya yi musu bayanin modem da layi da allon ofis, suka saurare shi har ya gama, sannan babbansu ya ce to madalla, amma kada ya ƙara zuwa. Ya roƙi a bar shi ya faɗa mini magana ɗaya a gabansu, suka bar shi.

"Hajiya, ki yafe ni," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ki bi wayar da hannunki tun daga inda ta shigo gida. Abin da ke yanke ta yana ciki."

Na bi ta. Daga saman ƙofa ta sauko ta bi bangon falo, ta rabu biyu a wani ɗan akwati, ɗaya ta nufi ɗakina, ɗaya ta nufi tarhon da ke kan kabad, lulluɓe da ɗan kyallen saƙa. Na kwance akwatin da bakin wuƙa, na goge, na ɗaure. Ba tsatsa, ba cin ɓera. Na koma na buga, na yi aiki kaɗan, ya yanke.

Haka na yi ta fama ni kaɗai, damina tana ja baya. Alhaji ya daina aiko da tambaya, wannan ya fi tambayar tayar mini da hankali. Asibitin ya kusa kammala a allo, gidajen ma'aikata kuwa ko harsashi ban ja ba. Na rame har zanen takabar yana zagaye ni sau biyu. Yarinyata ta fara tambayata wai gaskiya ne za su koma gidan Baffa, don ta ji Inna tana faɗa wa wata baƙuwa. Na ce mata ƙarya ne.

Ranar da na gano, ba dabara ba ce ta kai ni. Da hantsi ne, na haɗa layi na fara aiki, sai ƙaramin ya faɗi a tsakar gida ya fasa leɓe. Kullum in ina aiki ba na motsawa daga tabarmar nan, don ina tsoron ɓata ko ɗan lokaci. Ranar na miƙe a guje. Ina ɗaga labulen falo na ga Inna a tsaye jikin kabad, kyallen saƙa a kafaɗarta, kan tarho a kunnenta, ta runtse ido tana saurare. Na waiwaya ɗaki, fitilar modem ta mutu.

Na ɗauko yaron na wanke masa baki, na goya shi, sannan na dawo. Tana nan inda na bar ta, ta mayar da kan tarhon, har ta lulluɓe shi.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara magana da shi da bakinki."

"Kullum?"

"Kullum. Yayanku ya ce in sa kunne." Ta zauna a kan kujera, ta kalli hannuwanta. "Ni dai ban taɓa jin muryar kowa ba, 'yar nan. Tsuwa kawai nake ji, sai ta ɗauke. Na faɗa masa haka. Ya ce ai 'yan boko suna da yadda suke maganarsu, in ci gaba."

Na ce mata duk sanda ta ɗaga, aikina take yankewa. Na ce da ba ta ɗaga ba, da Malam bai yi ta zuwa ba, da ba a ga abin faɗa ba. Ina jin ba ta gane yadda ɗaga tarho a falo zai rushe bango a ofis ba, amma ta gane fuskata.

"Da na ga yana ta zuwa ne na ƙara sa kunne," in ji ta. "Ɗana ne fa. Ba shi da mai tsare masa ɗaki sai ni."

Na so in tsane ta a lokacin, kuma na ɗan tsane ta. Amma tsohuwa ce da ta binne ɗanta, take kwana a tabarma a falon da ba nata ba, take tsoron tarho amma ta daure tana ɗaga shi kullum don tana ganin haƙƙin mamaci ne. Na zare wayar tarhon daga akwatin, na naɗe ta, na sa a ƙarƙashin katifata.

Na koma ɗaki na buga. Ta ofis ta ɗauka a bugun farko. Allo ya sauko, ya tsaya cak, ba daskarewa. Na kai hannu kan linzami, sai na ga kibiyar tana tafiya ba ni na motsa ta ba. Zanen gidajen ma'aikata ne a buɗe, wanda ban fara ba, ga shi har an sa tagogi. Wani ne a kan kujerata. Hannunsa da sauri, ya san aikin, ko da yake ya manna banɗaki jikin kicin, abin da ni ba zan taɓa yi ba. Shi ma ya lura an shigo, don kibiyar ta tsaya jim kaɗan, ta yi 'yar zagaye, sannan ta ci gaba da abin da take yi.

Na ɗauke hannuna na zuba ido. Layin nan da ya hana ni barci tun farkon damina ya riƙe tun daga hantsi har aka kira la'asar, ko sau ɗaya bai yi tari ba. Ina zaune ina kallon wani yana gama aikina. Da aka tashi daga ofis na ga ya adana, ya rufe, allo ya yi duhu, masinja ya zare filoginsa.

Kashegari Alhaji ya aiko gwaggona da buhun shinkafa da haƙuri. Ya ce ya ɗauko yaro daga Kano tun makon da ya wuce, yana aiki duk sanda layina ya yanke, kunya ce ta hana shi faɗa. In na fita takaba in leƙo, in akwai wani abu za a duba. Na leƙa daga baya, babu.

Na san da na je kotu, alƙali ni zai ba riƙon yaran, don haka shari'ar ta ce. Amma kawuna, wanda shi ne ya rage mini a matsayin uba, ya ce in na kai su ƙara, maganar lungu za a fara kwancewa a gaban jama'a, da sunana da na Malam, kuma ko na ci shari'ar da me zan ciyar da su. Na nemi aiki a wurare biyu, duka suka ce in dawo bayan salla. Malam kuwa ya rufe shagonsa ya koma Ringim, ban sake ganinsa ba, ban ma taɓa samun damar faɗa masa cewa shi ne da gaskiya ba.

Yaya ya zo bayan na fita takaba, lokacin ana yankan gero. Ya zo da motar haya daga Taura. Ya tambaye ni aiki, na ce babu. Ya ce to, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ƙofa a buɗe take duk sanda na so ganinsu. Inna ta haɗa ƙullin kayanta, ta zo har ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na faɗa masa ban ji komai ba," ta ce. "Na sake faɗa masa jiya."

Na ce na sani, Inna.

Ni na shirya musu kaya. Na sa wa yarinyar littattafanta ko da yake na san makarantar can ba irin su ake yi ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalle ni ba, don na ce mata ƙarya ne. Ƙaramin yana ta murna zai shiga mota. Da direba ya tayar, ya leƙo ta taga daga cinyar Inna ya ce in ajiye masa tuwonsa, yanzu zai dawo.